Ɗan'uwan Anza

Tun da na dawo daga ƙasar Gobir ban samu na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayi sai wannan ya ce, "Tanimu, da gaske ne a can ganye mutane ke ci?" Wancan ya ce, "An ce har ƙasar Faransa ka shiga, ina tsarabarmu?" Malam Garba tela kuwa tambayarsa ɗaya ce kullum, wai me zai kai mai hankali inda kowa ke gudowa. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki nasa ya je ya ƙara masa gishiri. To ga shi nan gaba ɗaya. Amma kada ku sa ran za ku fahimci komai, don ni da na je da ƙafata ma ban gama fahimta ba.

Kun dai san aikina. Ni ne mai daka ganye da wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na sashen nazarin tsirrai. Maigidana shi ne Dakta Ajani, Bayarabe ne mutumin Ilori, ba ya fashin salla kuma ba ya dariya a ofis. Abin da ya sa a gaba shi ne gano dangantakar tsirrai. Ya ce malaman zamanin da sukan dubi fure da ganye su ce wannan dangin wancan ne, shi kuwa abin da ke cikin jikin tsiron yake dubawa. Zan daka ganyen ko ƙwayar, a jiƙa a sifirit, a ɗiga a kan wata farar takarda, a tsoma gindinta a ruwan magani ya yi ta hawa, sannan a yi mata feshi. Sai ka ga tabo ya fito. In tsirrai biyu suka ba da tabo iri ɗaya a wuri ɗaya, alama ce kakansu ɗaya tun zamanin da ba wanda ya gani. Ta haka ne ya ce zogale da gwanda da kabeji da gasaya duk 'yan gida ɗaya ne. Ranar da ya fara gaya mini haka na ɗauka rana ce ta buge shi. Ya sa na tauna 'ya'yan gwanda, na kuma tauna saiwar zogale, na ji yajin ya hau mini hanci iri ɗaya. Har yau in na ga kabeji a kasuwa nakan tsaya in dube shi.

Abin da ya rage masa shi ne 'yan'uwansu na daji, musamman anza, wadda ya ce ta fi yawa a arewacin Sakkwato har cikin Nijar. Na ce masa, "Dakta, damina biyu ke nan ruwa bai yi ba a can." Ya ce ai shi ya sa, don anza ba ta damu da fari ba, lokacin da komai ya bushe ita take yin 'ya'ya. Wannan amsa ta gamsar da shi, ni kuwa ba ta gamsar da ni ba. Haka muka loda Landiroba da kwalabe, da allunan matse ganye, da buhunan tsofaffin jaridu, da buhun garin rogo na Dakta, direbanmu Malam Sale ya ja muka kama hanyar Funtuwa.

Har Gusau ba abin da zan ba ku labari. Daga Ƙauran Namoda ne abu ya fara canzawa. Kwalta ta ƙare, sannan duk wanda muka haɗu da shi kudu ya nufa: mata da ƙwarya a ka, tsofaffi a kan jakuna, Buzaye suna jan raƙuman da ƙasusuwansu ke ƙirguwa. Mu kaɗai ne muka sa gaba arewa. Malam Sale ya ce shi dai tun da yake tuƙi bai taɓa samun hanya tasa shi kaɗai irin wannan ba, kuma ba ta yi masa daɗi ba.

A Isa muka fara shan kunya. Mun tsaya gaban gidan baƙi ke nan, ban ko sauke ƙafa ba, sai na ga mutane sun yi layi a bayan motar, kowa da ƙwarya ko tasa. Sun ga lambar gwamnati, sun ga buhuna, sun ɗauka hatsin taimako ne ya iso. Na fito na yi ta bayani ba wanda ya motsa. Sai da Malam Sale ya kwance bakin buhu ɗaya ya zazzage jaridu a ƙasa. Wata tsohuwa ta ɗauki guda ta jujjuya ta ce, "Wagga aka ci yanzu a birni?" Ba wanda ya yi dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Gidan baƙin ɗaki biyu ne da gado mai igiya, randa kuwa babu ko ɗigo a ciki. Abinci tuwon jar dawa ne na taimako, wadda aka ce daga ƙasar waje aka kawo ta, da miyar da ban gane asalinta ba ban kuma tambaya ba. Da babu gara ba daɗi. Da safe na shanya ganyen farko da muka tsinko a bakin hanya, kowanne a tsakanin jaridu, na shiga in yi alwala. Kafin in fito wata akuya ta cinye ganyen, ta bi da jaridun, tana kan igiyar allon. Mai gadin gidan ya ba ni haƙuri, ya ce ita ma baƙuwa ce.

Kasuwar Bafarawa ita ce inda kaina ya fara juyawa sosai. Kun san mu Zazzagawa muna wasa da Kanawa, mu ce musu kaza su ce mana kaza, a yi dariya a watse. Na kuma sha jin cewa Gobirawa da Yarbawa abokan wasa ne. Amma gani ya kori ji. Dakta ya buɗe baki ya tambayi wata mai sayar da kuka da 'yar Hausarsa ta kasuwa, ita kuwa da jin harshensa sai ta daka tsalle ta ce, "Jama'a, ga bawanmu ya ɓato hanya!" Ta miƙa hannu ta cire masa hula. Dakta! Mutumin da ko malamai ba sa zama a ofishinsa sai ya ce su zauna. Na yunƙura zan shiga tsakani, sai na ji ƙyaƙyatar dariya a bayana, na waiga na ga maigidana ne. Ya nuna tsagar da ke fuskarta ya ce wa ya ba kaza aron fuskar nan ta yi tono? Kasuwa ta ɗauka. Kafin a jima an kewaye shi, wannan ya ce ya ɗaukar masa kaya, wancan ya ce ina harajin bara. Mutanen da yunwa ta sa idanunsu suka faɗa, ga su suna dariya har da riƙe ciki. Ni dai ina tsaye da kwalba a hannu, ban san ko in tafa ko in kira ɗan sanda ba.

Malam Sale ya ja ni gefe ya ce, "Ka bar su. A nan duk abin da Bayarabe ya gaya wa Bagobiri wasa ne, duk abin da ya ɗauka masa kuma ya ɗauku, ba fushi ba ƙara. Haka shi ma." Na ce to in ɗayansu yana son ya faɗi maganar gaskiya fa? Ya ce shi direba ne.

Anza kuwa da muka zo dominta sai ta zama kamar zinariya. Itacen na nan ko'ina, kore shar a tsakiyar busasshiyar ƙasa, amma ba 'ya'ya ko ɗaya. An tsinke. Ashe ita ce abincin mutane. A Sabon Birni wani mai awo da ba shi da abin aunawa ya ce mu nufi wajen Unguwar Lalle, mu karkata arewa, akwai wata 'yar tunga a bakin fadama inda wani tsoho Nomau ya san duk wani itace da ke wurin. Muka ɓata sau biyu, domin duk wanda muka tambaya sai ya ce "nan kusa na," kuma kusan Bagobiri ba irin namu ba ne.

Tungar gida ce kamar goma, amma hayaƙi a gida ɗaya kawai yake tashi. Baba Nomau dogo ne siriri, da tsagar Gobirawa tun daga gefen baki har kunne. Da shi da matarsa Inna Tumba, da surukarsu, da jikoki ƙanana uku, su ke nan suka rage. 'Ya'yansa maza sun tafi cin rani tun bara ba labari. Maƙwabta duk sun yi kudu. Shi ya ƙi. Ya ce ubansa ne ya sari wannan daji, kuma gona ba ta jiran wanda ba ya nan: in ruwan shuka ya sauka yana wani gari, shekarar ta wuce shi, in kuma ta wuce shi sau ɗaya ba zai ƙara samun ƙafar dawowa ba. Yana da irinsa na gero a ɓoye, ya rantse ko zai mutu ba za a daka shi ba. Inna Tumba ta ce da ni a hankali, "Ɗana, in ka ga ƙi gudu, sa gudu na bai zo ba. Ni dai ɗiyan ga nika dubi."

Da ya gane Dakta Bayarabe ne sai tsohon nan ya koma yaro. "Tumba! Kawo tabarma, Allah ya kawo muna bawa har gida. Kai, mi ad da kai cikin buhun ga? Teba? Dud da karatun ga naka ba ka bar cin rogo ba?" Dakta ya ce ai gara mai cin rogo da mai cin itace. Suka tafa. A zaurensa muka sauka.

A nan na fara cin anza. Inna Tumba ta nuna mini yadda ake yi. Ɗanyarta ɗaci ne da ita kamar maɗaci, kuma tana kisa. Sai an ɓare ƙwayar, a jiƙa a tukunya, kullum a zubar da ruwan a zuba sabo, kwana da kwanaki, har dafin ya fita, sannan a dafa kamar wake. Ruwan kuwa daga wata rijiya ce mai nisa, ita da surukarta ke ɗaukowa a ka. Na ci, ba zan ce da daɗi ba, amma tana zama a ciki. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne da ta ce wannan tukunyar ce ta kusa da ƙarshe. Masu gudun fari daga arewa sun bi sun tsinke ta fadama kaf.

Washegari Nomau ya zagaya da mu. Ya nuna mana jiga, da bagayi, da ciciwa, Dakta yana ta tsinka yana murza ganye yana shinshinawa kamar mai sayen turare. A kan wata tsohuwar suri muka iske wani itace mai ƙaya ya yi cunkus, ga 'ya'ya jajaye manya-manya sun yi masa nauyi, ba wanda ya taɓa. Nomau ya ce ƙabdodo ke nan, ko raƙumi ya ci sai an yi masa salati. Dakta ya sa na cika jaka.

Da la'asar ya ce bari mu yi gwajin gaggawa a ƙofar zaure, don ya san abin da ya kamata mu ƙara nema. Na daka, na jiƙa, na ɗiga su a jere a takarda ɗaya: anza, jiga, zogalen da muka zo da shi, da ƙabdodo. Nomau ya tsuguna yana kallo yana cewa yau ga bokan Yarbawa. Da aka yi feshi sai tabo ya fito. Na anza da na ƙabdodo suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, kamar an ja musu layi. Dakta ya yi murna har da tafi. Ya ce in gaya wa tsoho, su Gobirawa da tsaga suke gane ɗan'uwa, to wannan ita ce tsagar itatuwa, a ciki take ba a fuska ba. Anza da ƙabdodo uwa ɗaya uba ɗaya, zogale kuwa ɗan baffansu ne.

Na fassara. Nomau ya daɗe yana duban takardar. Sannan ya ce, "Ƙabdodo ɗan'uwan anza na?"

Na ce haka takarda ta nuna.

"Anza na kisa, in an jiƙa ta a ci."

Na ce haka ne.

"To shi ma ɗan'uwan nata a jiƙa shi mana."

Na juya na gaya wa Dakta. Nan take dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce a'a, a'a, takardar nan abu ɗaya kawai ta duba, abin da suka gada tare. Ban da shi kowane itace yana da nasa dafin na kansa, kuma shi bai san ko na ƙabdodo yana fita da ruwa ba, ba kuma wanda ya taɓa aunawa da ya sani. Ya ce a gida ɗaya akan haifi malami a haifi ɗan fashi. Ya ma bar ni ya faɗa da bakinsa: "Baba, kada ka ci. Zai kashe yara."

Nomau ya fashe da dariya. "Kun ji rowar Bayarabe! Ya gano abinci cikin dajinmu, shina so shi kwashe shi kai Ilori. Kai da kac cika jaka da shi, mi za ka yi da shi in ba ci ba?"

Dakta ya rantse da Allah. Nomau ya ce ai rantsuwar bawa ba ta kama ubangijinsa. Na sa baki na ce, "Baba, wallahi ba wasa yake yi ba." Ya ce, "Kai kuma yaron bawa, mi ka sani?" Har Inna Tumba sai da ta murmusa. Ni kuwa na rasa gane ko tsohon da gaske yake zai jiƙa, ko shi ma tsokana ce. Na tambayi Dakta a mota, ya ce yana jin wasa ne, ai mutumin ya fi mu sanin ƙabdodo. Na tambayi Malam Sale, ya ce in da wasa ne da bai daɗe yana duban takardar ba. Dakta ya sauke rabin garin rogonsa ya bar musu, muka nufi iyakar Nijar.

Iyakar ma wani abin ruɗani ce. Ni na ɗauka zan ga katanga ko ƙofa. Ganga biyu ce da sanda a gicciye, ga daji fetal hagu da dama, jakuna na wucewa ta gefe ba mai ce musu kanzil. Mu da muka biyo ta gaban sandar mu aka tsare. Wani ɗan duwan, wato kwastan na can, da gajeren wando da Hausarsa irin ta Nomau sak, ya ce mu sauke komai, hatsi yake nema. Ya buɗe allunan ɗaya bayan ɗaya, ya iske ganye kwance a cikin jarida kamar jarirai. Ya shinshina kwalbar sifirit ya dube ni ya ce, "Mushe," wato malam da Faransanci, "kai musulmi na?" Na yi bayanin dangantakar tsirrai iya ƙoƙarina, ina yi ina jin yadda maganar ke fita kamar ta mahaukaci. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wato kun baro anza can, kun zo neman anza nan, don ku gani ko 'yan'uwa na?" Na ce e. Ya ce, "Ni ma uwata can take wajenku, ba wanda ya daka ni." Ya ɗaga sandar.

Ƙasar Faransar da kuke tambaya ke nan. Mutanen su ne dai, tsagar ita ce, yunwar ita ce, sai dai burodinsu dogo ne kamar taɓarya kuma a dakali aka ba mu masauki a gidan wani ɗan kasuwa mai kai goro. Mun samu anza mai 'ya'ya a wani tudu da sojoji suka hana shiga, Dakta ya ɗebi abin da zai ishe shi aiki, ya sa muka cika wata 'yar jaka daban. Bai ce don wa ba, ban kuma tambaya ba. Amma na lura duk kwanakin nan bai ƙara yin wasa da kowa ba, ko da an tsokane shi. Ranar da za mu juyo Malam Sale ya ce akwai hanya mai sauƙi da za ta fitar da mu Sabon Birni kai tsaye. Dakta ya ce a'a, ta tungar Nomau za mu bi.

Da hantsi muka isa. Tun daga ƙofar gida na ga ɓawon ƙabdodo ja a zube a bayan danga. Inna Tumba na tsugune gaban babbar tukunya tana tsiyaye ruwa. Garin rogo ya ƙare, anza ta ƙare. Ta ce tun ranar da muka tafi ya tsinko, ita da surukarta suna ta jigilar ruwa, ɗacin ya ragu ƙwarai, gobe za a dafa. Na ce wa zai fara ci? Ta ce shi ya ce shi zai fara, in ya kai yamma lafiya a ba yara. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, kai ba abokin wasanmu ba na. Gaya mani, ana ci ko ba a ci?"

Ban taɓa jin nauyin tambaya irin wannan ba. Na ce, "Inna, ban sani ba. Shi ma bai sani ba." Ta ce, "To mi kunka sani?" Na ce mun san 'yan'uwa ne. Ta ci gaba da tsiyayar ruwanta.

Nomau ya fito da fara'arsa. "A'a, bawana ya dawo! Ka ji ƙanshin girki ko?" Dakta ya zauna gabansa ya yi magana mai tsawo, ina fassarawa. Ya ce wani dafin ba shi da ɗaci. Ya ce wani ba ya nuna kansa da yamma, sai bayan kwanaki, kuma abin da babba zai ɗauka yaro ba zai ɗauka ba. Ya ce bai ce lalle zai kashe ba, cewa ya yi bai sani ba, kuma ba a gwada abin da ba a sani ba a cikin jikoki. Duk jimlar da na fassara sai Nomau ya mayar da ita abin dariya. Amma a wannan karon ina kusa da shi, na ga dariyar a baki kawai take. Sai na fara zargin ya ji sarai, tun ranar farko ma ya ji. In ya yarda maganar gaskiya ce, to ba abin da ya rage masa sai hanya. Ko kuwa ni ne nake karanta abin da babu, Allah ne masani.

Can sai Dakta ya miƙe, ya gyara hularsa, ya saki wata irin dariya da ban san shi da ita ba, ya ce da Hausarsa, "Bagobiri, yau ka ga ubangidanka. Wannan tukunya tawa ce." Ya sunkuya ya rungumi tukunyar, da ruwanta da komai, ya ɗaga da ƙyar, ruwan na zuba a rigarsa, ya nufi mota.

Na dubi Nomau. Abokin wasa ya ɗauka, kuma abin da abokin wasa ya ɗauka ya ɗauku. In ya yi fushi ya karya abin da ya gada tun kakanni, a gaban matarsa da baƙi. Na ga leɓensa na motsi. Sannan ya yi dariyar da al'ada ta ce ya yi, gajeriya, ya ce, "Ɓarawo. Halinku na."

Dakta ya dawo da 'yar jakar anzar nan ya ajiye gaban Inna Tumba, sannan ya ce in gaya wa tsoho cewa duk tukunyar da ya sake jiƙawa zai dawo ya ɗauke, don bawa ba ya gajiya. Kowa a wurin ya san ba zai iya dawowa ba. Kowa kuma ya san matan nan biyu ba su da sauran ƙarfin ɗebo ruwan wata sabuwar tukunya, kuma anzar da ke jakar ba za ta kai su ruwan shuka ba. Inna Tumba ta tashi ta shiga ɗaki, muka ji tana sauke ƙore daga ragaya tana haɗa kaya. Nomau ya zauna a bakin zaure yana duban gonarsa har aka gama ɗaure kaya. Da kansa ya ja ƙyauren ya sa masa dutse.

A motarmu muka ɗauko su, su shida a baya tare da alluna da jaridu, tukunyar ƙabdodo a tsakanin ƙafafuna tana fantsama mini ruwa a duk rami. Ban san ko ceto muka yi ko ɓarna ba, kuma har yanzu da nake rubuta muku wannan ban sani ba. Ina jin haushin Dakta, ina kuma jin da ni ne da ƙarfin halinsa da abin da zan yi ke nan.

A tashar Sabon Birni suka ce a sauke su, akwai babbar mota mai zuwa wajen Gusau, ko Allah zai sa su ji labarin 'ya'yansu. Dakta ya fito ya miƙa wa Nomau hannu, ya ce in gaya masa da mun isa zai sa a auna ƙabdodon nan sosai, ba gwajin zumunci ba, gwajin ko yana ciyuwa, zai ɗauki watanni amma za a yi. Ya ce ya faɗi inda za a same shi.

Nomau ya riƙe hannun bai saki ba. Bai ce masa bawa ba, bai ce ɓarawo ba.

"Malam," ya ce, "in kun auna kun ga shina kisa, ku aiko a gaya ma mutane. In kuwa kun ga ana ci, kada ku gaya mani."

Dakta ya ce me ya ce? Na fassara masa. Ya tsaya yana duban fuskar tsohon, yana jira ya ga inda dariyar za ta fito. Nomau ya saki hannunsa, ya ɗauki ƙaramar jikarsa ya saɓa a kafaɗa, ya bi bayan matarsa.